Yadda na sayi gidan da banki ya ƙwace a Zariya, da abin da na tarar a ciki

Tunda muka tare a gidan nan mutane ke ta tambayata wai da gaske ne gidajen da banki ke ƙwacewa araha ne, wasu har cewa suke in haɗa su da mutumina na banki, alhali wallahi ba ni da kowa a banki. Shi ne nace bari in zauna in rubuta yadda abin ya gudana tun daga farko, mai niyya ya san inda zai sa ƙafarsa. Ba zan kama sunan bankin ba, haka ma mai gidan na da, dattijo ne mai mutunci, kasuwar hatsi ce ta juya masa baya bashi ya hau kansa.

Ni ma'aikaci ne, na daɗe ina haya a Tudun Wada, ɗaki biyu da falo ni da maiɗakina da yara biyar. A daminar 2023 bayan an cire tallafin mai, ɗan abin da na tara kullum ƙara lalacewa yake, yau ka yi lissafi gobe lissafin ya tashi, sai na ƙudurta gara in binne shi a ƙasa in huta. Ana haka wani dillali da muke sallah masallaci ɗaya ya ja ni gefe bayan isha'i, yace akwai gida wajen Hanwa, ɗaki huɗu da falo, ga wasu ɗakuna biyu a baya, fili ƙafa 50 da 100, yana da satifiket, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, banki ne ke sayarwa kuma kuɗin da ake magana bai kai na gidajen layin ba ko kusa. Washegari muka je. Ginin bulo ne irin na shekarun 1990, an rubuta a katanga da jan fenti cewa gidan na hannun banki, ruwa ya wanke rabin rubutun. Babban gidan a kulle, ciyawa ta kai gwiwa a tsakar gida, amma ta baya hayaƙi na tashi, ga kuma an fasa katangar gaba an fitar da ɗan shago, tela na ciki yana ta ɗinkinsa. Na tambayi dillali su wane ne waɗannan, yace ai ba komai, da ka biya za su tashi. Duk wanda ya faɗa maka haka bai taɓa tada mutum daga gida ba.

Bankin na cikin jerin bankunan nan na wajen PZ. In ka shiga kada ka tsaya wajen masu karɓar kuɗi, ka ce masu bin bashi kake nema, su ne gidan ke hannunsu. Wani matashi na samu, ya karɓe ni da fara'a, ya ɗauko fayil ya nuna min kwafin satifiket ɗin amma bai bari na ɗauka a waya ba sai na nema a rubuce. A wajensa na gane cewa banki kan sa masu kimanta gidaje su ba shi farashi biyu, abin da gidan zai yi in an sayar a natse, da abin da zai yi in gaggawa ake, to tsakanin biyun nan banki ke wasa, ƙasa da na gaggawar da wuya ya sauka komai roƙonka. Sannan su na reshen Zariya ba su da ta cewa. Yace min "Yallaɓai mu nan turawa kawai muke, Kaduna ta duba, Legas ta sa hannu." An taɓa sa gidan a gwanjo ba a samu wanda ya kai kuɗin da suke so ba, shi ya sa suka koma karɓar tayi a rubuce. Na taya miliyan 13, aka yi makonni shiru har na cire rai, sai ga kira wai 15, muka daidaita a 14 da rabi. Takardar amincewar da suka ba ni ba ta da tsawo amma akwai layi biyu a ciki da suka fi duk sauran nauyi, ɗaya yace gidan yadda ka gan shi haka za ka ɗauke shi, ɗaya yace fitar da duk wanda ke ciki aikin mai saye ne. Za ka fara ajiye kashi 10 cikin 100, ragowar cikin kwana 30.

Ban ajiye ko sisi ba sai da na kai takardar wajen lauya, wani da ya yi karatunsa a jami'ar ABU ɓangaren Kongo yana da ofis a Sabon Gari, nawa na kaina, ba wanda banki ko dillali ya nuna min ba. Tambayar farko da Barista ya yi ita ce wace irin jingina ce aka yi da gidan. Yace akwai wanda ya sa hannu a cikakkiyar takardar jingina, gwamna ya amince aka yi mata rajista, wannan banki na da ikon sayarwa ba sai ya je kotu ba, muddin lokacin biya ya wuce kuma an ba mai bashin notis yadda ya kamata. Akwai kuma wanda satifiket ɗinsa kawai ya ajiye musu ya karɓi kuɗi, wannan sai da umarnin kotu, in banki ya sayar maka ba umarnin to rigima ka saya. Dalilin maganar gwamna kuwa dokar filaye ce ta 1978, ta sa ƙasar jiha gaba ɗaya a hannun gwamna, kai abin da kake riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, don haka jingina ko sayarwa ba ta cika sai da amincewarsa. Ya ƙara min da cewa in ta gwanjo ne dokar gwanjo ta ce a yi sanarwa a fili aƙalla kwana 7 kafin a sayar, in kuma kotu ce ta sayar don biyan bashi, mai gida na da kwana 21 da zai iya neman a soke cinikin, saboda haka ba a fara fasa bango a cikin kwanakin nan. Ya kuma sa na tambayi banki a rubuce ko bashin na hannunsu har yanzu, don akwai basussukan da AMCON, hukumar gwamnatin tarayya mai karɓar basussukan da suka gagara biya, ta saye daga bankuna tun bayan kafa ta a 2010, in bashin ya koma can to banki ba shi ne mai sayarwa ba.

Binciken takarda Kaduna muka je muka yi, a KADGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen jihar tun zamanin gwamnatin El-Rufa'i. Mota muka hau a Kwangila da sassafe muka sauka Kawo. Barista ya shigar da takardar neman bincike da lambar fayil ɗin gidan, muka biya aka ba mu rasit, bayan ƴan kwanaki sakamako ya fito. Sunan dattijon ne a kai, girman filin ya yi daidai, jinginar bankin na nan da rajistarta, babu wata jingina ta biyu, sai dai kuɗin ƙasa na shekara-shekara da aka daina biya da daɗewa, wanda daga ƙarshe ni na biya shi. Daga nan ya leƙa rajistar babbar kotu a Dogarawa ya duba ko akwai ƙara a kan gidan, don in shari'a na gudana ka saya, duk hukuncin da aka yanke kanka zai faɗo. Babu. Na kuma ɗauki safiyo ya nemo duwatsun iyaka, biyu suna nan, biyu sai da aka tona, kuma ya tabbatar min shagon telan nan cikin filin yake.

Abin da takarda ba ta faɗa ba wajen mai unguwa na ji shi. Na je da yamma na kai gaisuwa nace ranka ya daɗe ni ne mai neman gidan wane. Ya daɗe yana kallona sannan yace to ka zo inda ya dace. Ashe shagon babban ɗan mai gidan ne ya yanka ya sayar wa tela da takardar hannu bayan an riga an yi jingina, an kawo masa ya sa hannu ya ƙi. Wadda ke baya kuwa goggon mai gidan ce, ƙanwar mahaifinsa, tana nan tun ana ginin gidan, shi kuma ya kwashe iyalinsa ya koma Kano. Na fito jikina a sanyaye, ga maƙwabta da na gaisa da su kowa na amsawa da ƙyar, a wajensu ni ne wanda ya zo cin gidan hawaye. A gida ma maiɗakina cewa ta yi ita fa ba za ta zauna inda aka fitar da mutane suna kuka ba. Sai na je wajen wani malami da nake ɗaukar karatu a wajensa a cikin birni na faɗa masa komai. Yace jingina sananniya ce a shari'a kuma ana sayar da ita in bashi ya gagara, alhakin kuɗin ruwa na kan waɗanda suka ƙulla shi, amma yace in nemi mutumin in ji ta bakinsa, kuma in tambaya ko za a mayar masa da abin da ya yi saura bayan an cire bashin. Barista yace a doka ma haka ne, rarar ta mai gida ce. Mai unguwa ya haɗa ni da shi a waya. Ban taɓa yin waya mai nauyin wannan ba. Na gaishe shi nace Alhaji ni ne aka ce zan sayi gidanka, ya yi shiru, sannan yace "Malam saya, in ba kai ba wani zai saya, ni kuma kullum ruwa ƙaruwa yake a kaina. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka tada Goggo sai na samar mata wuri." Wannan wayar ce ta sa na ci gaba, kuma ita ce ta sauko da maiɗakina.

Sai duba gini. Na matsa wa banki suka turo yaro da makulli, na tafi da wani abokina injiniya da wani tsohon birkila, a Satumba ana tsaka da ruwa, kuma ina ba kowa shawara in dai da hali da damina zai duba gida, da rani kowane gida lafiyarsa ƙalau. Da aka buɗe falo warin jemage ne ya fara tarbarmu, silin ya kumbura ya yi baƙi ya sauko a tsakiya, ruwa na ɗiga a kan tayil. Birkila ya taka tsani ya leƙa sama da tocila, ya soka sukudireba a jikin katakon rufi ta shige har ƙota, gari ya zubo masa a fuska, gara ta cinye cikin ta bar fatar. Bangon ɗakunan gabas danshi ya hau shi har gwiwa, ka shafa filasta ta biyo hannunka. Ƴan jari-bola sun shiga ta tagar kicin sun zare wayoyin wuta kaf, har soket da famfo ba su bari ba, sokawe kuma ya rufta. Ni tsagar bango ce ta fi tsorata ni, amma injiniya yace siraran nan na filasta ne ba komai, wadda ake tsoro ita ce mai tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa tana buɗewa, ita ke nuna fandisho ya zauna, kuma babu irinta. Yace ƙashin gidan lafiya lau, sauran duk kuɗi ne. Suka yi min lissafin miliyan 3.

Na sayar da gonar da na gada a hanyar Soba, na ci bashin ƙungiyar ma'aikata ta wajen aikinmu wanda ba ruwa a kai, na haɗa da abin da na tara. Dirafti na yi da sunan bankin, na kai da hannuna, aka buga min hatimi a kwafin. Dillali ya so kuɗin su bi ta asusunsa wai don ya hanzarta, na yi dariya kawai. La'ada kashi 5 ya nema, banki yace shi bai san da dillali ba, muka yi ta ja har muka tsaya a rabi. Bayan na gama biya kuma sai aka shiga abin da ya fi ci min rai a duk tafiyar nan, jiran takardu. Ainihin satifiket ɗin yana Legas a ma'ajiyarsu, takardar sayarwar da banki zai sa hannu a matsayin mai riƙe da jingina ita ma sai Legas, yau a ce mai sa hannu ya tafi hutu, gobe a ce an dawo da ita a gyara suna, matashin nan ma aka canza masa wajen aiki, wanda ya gaje shi sai da na sake ba shi labari daga farko. Kuɗina sun tafi tun Oktoba, ina ci gaba da biyan haya, ba takarda ba makulli, dare ya yi in kasa barci ina tunanin ko cinikin biri a sama na yi. Sai da Barista ya rubuta musu wasiƙa mai zafi ya aika kwafi hedikwata sannan kaya suka iso a Janairun 2024. Abin da za ka tabbatar ka karɓa, ainihin satifiket, takardar jinginar da aka yi wa rajista, takardar sayarwa mai hatimin banki, kwafin notis ɗin da suka ba mai bashin, da rasit na cikon kuɗi. Notis ɗin nan kada ka raina shi, shi ne shaidarka in wani ya taso gobe yace ba a sanar da shi ba.

Daga nan muka koma Kaduna neman amincewar gwamna da yin rajista da sunana. An nemi hotuna, katin shaida, takardar biyan haraji, aka kimanta gidan aka fitar da abin da zan biya na amincewa da na hatimi da na rajista, na biya tare da tsohon kuɗin ƙasan nan. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su riƙe takardar banki su ce ai sun saya, to a littafin gwamnati gidan na wancan ne har yanzu. In na haɗa lauya, dillali, safiyo, zirga-zirga da kuɗaɗen gwamnati sun haura miliyan 2.

Ranar da na fara shiga bayan gidan a matsayin mai shi na tarar da Goggo zaune a tabarma tana tsince kuka a faifai, awakinta uku a ɗaure jikin bishiyar zogale. Na durƙusa na gaishe ta, ta ɗago tace "Ɗan nan, kai ne ka saye mu?" Ban san abin da zan ce ba, nace Goggo gida na saya, ke kuma kina nan sai Alhaji ya shirya. Barista ya riga ya faɗa min ko da ina son kotu, sai an ba da notis, a jira ya ƙare, a shigar da ƙara, a yi ta ɗagewa, lokacin da za a ɓata ya fi na haƙuri tsawo, kuma cire rufi ko kulle ƙofa don mutum ya tashi laifi ne da zai iya juyowa kanka. Haka muka yi aiki a gaba tana baya, har kunu take aiko wa leburori. Bayan ƙaramar sallah a Afrilu Alhaji ya aiko, ni na biya a-kori-kura aka kwashe kayanta da awakin. Tela kuwa da farko ya tada jijiyar wuya ya ɗauko takardarsa, aka zauna gaban mai unguwa aka fahimtar da shi cewa wanda ya sayar masa ba shi da ikon sayarwa, kuɗinsa can zai bi. Na tausaya masa don shi ma cutarsa aka yi, muka yi yarjejeniya a rubuce da shaidu, ya zauna shekara biyu ba haya, daga nan ya fara biya, kuma ya sa hannu cewa shagon cikin gidana yake.

Gyara kam ya koya min lissafi. Buhun siminti da ake sayarwa dubu biyar da ɗoriya a ƙarshen 2023, a Fabrairun 2024 ya haura 10,000, rodi da kwano da waya duk suka bi shi. Da rufi muka fara don a riga ruwan Mayu, aka sauke katakon gaba ɗaya aka ƙone, na sayo sabo a Ƴan Katako aka shafe shi da baƙin mai da maganin gara kafin a ɗora, aka kuma yi wa gindin ginin feshi zagaye. Kafinta ya so a mayar da rabin tsohon kwanon, na ƙi, kwano mai ramin ƙusa ko an toshe sai ya yi yoyo. Aka kankare filastar da danshi ya ci aka bar bangon ya sha iska kafin a sake, aka yi daɓe zagaye da gidan da magudana don ruwa ya daina kwanciya a gindin bango, wanda shi ne asalin ciwon. Aka sake wayarin, aka haƙa sabon sokawe. Ban taɓa tsarin ginin ba, amma wanda zai ƙara ɗaki ko ya ɗora bene ya fara neman izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna. Wajen wuta na tarar da tsohon bashi a kan mitar gidan, na tafi ofishin kamfanin wuta da takardun saye don a raba abin da ke kaina da abin da ke kan na baya, na nemi mita mai kati da sunana. Miliyan 3 ɗin nan da aka ce sai da ta haura 6, aiki ya tsaya ya tashi ya fi a ƙirga, duk wata in albashi ya shigo a ɗan taɓa.

In ka haɗa duka na kashe kusan miliyan 23, gidajen layin kuma a lokacin da na taya ba su wuce haka da yawa ba, to ka ga arahar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Abin da na samu na gaske shi ne unguwar da ba zan iya sayen fili a cikinta in gina ba, da takarda mai tsabta wadda banki ya riga ya tantance kafin ya ba da bashi a kanta. A ganina wanda kuɗinsa daidai farashin gidan ne kada ma ya fara, sai in yana da aƙalla rabin farashin a gefe, ko yana da inda zai ci gaba da zama shekara guda ba a matsa masa ba. Ka kuma nemi a rubuta a takardar amincewa lokacin da banki zai miƙa maka takardu bayan ka biya, don su sun ɗaure ka da kwana 30 amma ba su ɗaure kansu da komai ba. Sannan ka je wajen mai unguwa tun kafin ka je Kaduna, kuɗin mota ma ba za ka kashe ba, kuma abin da zai faɗa maka ba ya cikin kowane fayil.

A ƙarshen 2024 muka tare, ba fenti a waje, ɗaki ɗaya ba silin. Takardar da ke da sunana ta fito tana hannuna. Ɗakunan baya na gyara ɗaya na sa ɗalibai biyu ƴan Samaru haya, kuɗin nake tarawa don yashe rijiya da ɗaga katangar baya, wadda birkila yace in ba a yi mata ginshiƙi ba ba za ta kai damina biyu ba.